Kayan da Na Ɓoye a Gangaren Sarƙa

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa inda ya so, ya tayar da ita tsaye inda ya so, ya ajiye ruwa mai ɗaci a gefenta ya yi masa iyaka. Bayan haka, ni Yalwa ta Tudun Faru, matar marigayi Malam Nomau, uwar 'ya'ya shida, huɗu na raye, zan ba da labarin tafiyata zuwa Gaɓar Shuni da abin da ya same ni a Dutsen Mai Rawani. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini, abin da na aikata kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Autata Lantana ta auri wani masunci mai suna Haladu, wanda yakan kawo gishiri da busasshen kifi kasuwarmu sau ɗaya a shekara. Ita ta ce tana so, ni kuwa ban ga aibinsa ba sai nisan garinsu. A shekara ta biyu ayarin gishiri ya zo da saƙo cewa tana da ciki wata bakwai. A wurinmu haihuwar fari gida ake zuwa yi, amma tsakaninmu da su tafiyar kwana ashirin da biyu ce, ba mai ɗora mai ciki a wannan hanya. Saboda haka ni zan je.

Dole in faɗi wani abu a nan. Babbar 'yata a kan gwiwa ta rasu, a gidan miji, tafiyar yini ɗaya kacal tsakanina da ita. Ta haihu, mabiyiya ta ƙi faɗowa. Na isa na tarar an riga an yi mata wanka. Tun daga ranar, in na ji an ce wance ta fara naƙuda, ko ban san ta ba sai 'yata ta faɗo mini a rai. Na yi wa kaina alkawari cewa Lantana ba za ta durƙusa ba sai ina gabanta, kuma ba abin da za a nema a ɗakin a rasa.

Na haɗa kaya. Babbar tukunyar ƙarfe ta dafa ruwan wankan jego. Kanwa ungurnu dunƙule biyar, kowanne sai da hannu biyu, don kunu. Buhun gero. Dutsen niƙa na mahaifiyata da ɗansa, domin ban san irin dutsen mutanen can ba. Kayan yaji, zannuwa, ƙoruna. Na shiga ayarin amalanken shanu, muka kama hanya bayan sallar asuba ran wata Alhamis.

Kwana goma sha tara muka yi cikin fili, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, irin wadda na sani tun ina yarinya. Kullum ina ƙirga watannin Lantana da yatsu, kullum lissafin yana fitowa daban. Ran kwana na ashirin da safe na hango gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, na ce wa mai amalanke ya taimaka ya rufe mini gero, hadari ya taso.

Wani falke da ke zaune a kan buhunansa ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Sunansa Tanko, albasa yake kaiwa bakin teku, shi ma wannan ce tafiyarsa ta farko amma yana magana kamar can aka haife shi.

Ya ce, "Gwaggo, wannan hadarin shekara dubu yana nan bai zubar da ko ɗigo ba. Dutsen ke nan."

Na ce, "Wannan za mu kewaye?"

"Hawa za mu yi."

Na ce innalillahi, na ƙara ɗaure bakin buhuna.

Suna kiransa Mai Rawani saboda farin gajimaren da ke naɗe da kansa rani da damina. A gindinsa aka kwance shanu aka ɗaura alfadarai. Gwadaben da ke hawansa a jikin dutsen aka sassaƙa shi, lanƙwasa arba'in da ɗaya, kowace da sunanta, masu alfadarai suna kiran sunan da ƙarfi in za a sha kwana don na sama su ji. In ka leƙa ƙasa sai ka ga hanyar da ka bi da safe tana ƙarƙashin ƙafarka kamar igiyar shanya da ta faɗi. Sau ɗaya na leƙa. Daga nan gefen dutse nake zama, fuskata a bango.

A lanƙwasa ta goma sha bakwai akwai wata kuka da ta fito daga jikin dutse a kwance, ba a tsaye ba, ta miƙa rassanta kan sarari. A ta talatin akwai Ƙofar Iska, wani rami ne da hanya ta ratsa, iskar teku tana fitowa ta cikinsa da kuka kamar ana busa ƙaho. Kafin a shiga, ana ɗaure kowa da igiya a jikin amalanke. Na ɗaure tukunya, na ɗaure ƙoruna, na ɗaure har ɗan dutsen niƙa da iska ba za ta iya motsawa ba, na manta da kaina. Muna shiga iska ta fizge ɗankwalina ta yi sama da shi. Ni da ko 'ya'yana maza ba su taɓa ganin kitsona ba, sai ga ni a gaban fatake goma sha biyu kai a buɗe. Na kife ƙwarya a ka, na riƙe da hannu biyu har muka fita.

Tanko ya ce, "Wallahi Gwaggo ta yi miki kyau. Kada ki cire."

Na ce, "Kai dai ka ji da albasarka, tun jiya take wari."

Ran kwana na ashirin da biyu da hantsi muka shiga cikin rawanin. Ashe a kan dutsen akwai kasuwa, da masallaci, da wata rijiya da ake kira Rijiyar Sama, wadda ruwanta ke cikowa har baki sau biyu a yini ya sake komawa. An gaya mini tare yake tafiya da tekun da ke ƙasa. Ina tsaye ina kallonta sai gajimaren ya tsage, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ruwa ne launin shuni, babu ƙarshensa, har ya haɗe da sama ban ga wurin ɗinkin ba. Kusa da gaɓa wasu duwatsu bakwai sun durƙusa cikin ruwan, ana ce musu Raƙuma, kuma da gaske sun yi kama. A kan na ƙarshe an gina wata farar hasumiya da ake kunna wa jirage wuta. Can ƙasa, tsakanin dutse da ruwa, ga gari jajaye-jajayen rufi kamar an shanya barkono. Na ce a raina, 'yata tana cikin barkonon nan.

Ta wajen teku dutsen ba ya karɓar lanƙwasa, a tsaye yake. Don haka mutanen wurin suka sassaƙa hanya miƙaƙƙiya sak daga sama har ƙasa, layi biyu gefe da gefe, sulɓi kamar bayan faranti. Ita ce Gangaren Sarƙa. Babu dabbar da ke ja. Amalanke biyu ne, an haɗa su da sarƙa ɗaya da ta zagaye wani ƙaton gungume mai juyawa a sama. In ɗaya yana sauka, nauyinsa ne ke jawo ɗayan yana hawa. Dokar ita ce mai sauka ya fi mai hawa da nauyin rago ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ana auna komai a sama, a buga tambari a gaya wa na ƙasa, su ma su auna kifi da gishiri da mutane daidai da haka.

Mai awon wata doguwar mace ce, ana kiranta Magajiyar Awo. Ta sa na hau ma'auni, ta sa aka ɗora kayana, ta dubi allurar ta dube ni.

"'Yar'uwa, tashi kika yi daga garinku gaba ɗaya?"

"Jego zan je. 'Yata ce, haihuwar fari."

"Allah ya raba lafiya. Ke za ki sauka yau, da tukunyarki da ƙorunanki da ƙullin zannuwanki. Kanwa da gero da dutsen nan su jira."

"Su jira har yaushe?"

"Jibi, ko gata. Sai an sami abin da zai hau a madadinsu. Kifi ya yi ƙaranci makon nan."

Na roƙe ta. Na ce in ta haihu yau fa, da me zan dama mata kunu? Ta ce matan Gaɓar Shuni suna haihuwa kullum. Na ce ai 'yata ba 'yar Gaɓar Shuni ba ce. Ta ce sarƙa ba ta san wannan ba, ta juya ta kira na gaba.

To, ni abin da na sani shi ne, a ƙasarmu in mai amalanke ya ce an cika, sai a ƙara mutum biyu da akuya. Zai yi faɗa, ya rantse, a ba shi haƙuri, a tafi, a kuma isa. Ban taɓa ganin amalanken da ƙulli ɗaya ya hana shi zuwa ba. Na ɗauka maganar Magajiya irin wannan ce, sai dai ita ba ta da sauƙin kai.

Aka loda amalankenmu da dila shida na gwado da auduga, da buhun albasar Tanko huɗu, shi ma an ajiye masa biyu. Aka buga tambari. Aka kira azahar, maza suka shiga masallaci, Magajiya ta tafi alwala. Rumfar da aka ajiye sauran kayan taku goma ce daga amalanken, kuma na lura ƙarƙashin bencin zama akwai rami. Sawu bakwai na yi. Kanwa biyar, gero, dutse. Na rufe da zane, na zauna a kai, na yi sallata daga baya ina haki.

Mu uku ne a ciki: ni, da Tanko, da mai birki, wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa ana ce masa Jatau. Birkin wani katako ne mai kauri da yake dannawa a kan ƙafafun amalanken. Ya ce mu riƙe igiya, kada kowa ya miƙe tsaye. Aka zare turken da ke tare mu.

Da farko lafiya. Jatau har yana nuna mana wani ruwa da ke bin gefen hanya cikin ƙaramar magudana, ya ce Hawayen Dutse ke nan, da shi suke sanyaya birki. Bai gama rufe baki ba na ga ya dubi sarƙa, ya dubi ƙafafun, ya danna katakon. Amalanken bai saurare shi ba. Ya hau kansa da ƙirji. Hayaƙi ya fara tashi, da ƙauri irin na tuwon da ya kama.

Ya ce, "Wa ya ƙara kaya?"

Tanko yana kallon sama. Ni ina kallon ƙafata.

"Na ce wa ya ƙara kaya! Nauyin nan ba na rago ɗaya ba ne, garke ne!"

Wallahi na so in yi magana, kunya ta riƙe mini harshe. Ina ce wa kaina, yanzu zai tsaya, ai kullum haka suke cewa. Iska ta cika mini baki, Raƙuman nan bakwai suna girma a idona, sarƙa tana kuka.

Sai ga ɗaya amalanken ya taso daga ƙasa a guje, domin gudunmu shi ne gudunsa. Kwanduna na tsalle a cikinsa, mutane huɗu sun rungume juna. A gaba akwai wani mai shuɗiyar riga, ya ɗago kai daidai lokacin da muka gifta. Haladu ne. Ya gan ni, na gan shi.

"Inna! Tana kan gwiwa tun asuba!"

Ya wuce sama kamar an harba shi.

Jatau ya ce, "Mu za mu daki bangon ƙasa, su za su daki gungume. Ku yi kalmar shahada."

Na tashi daga kan bencin, na yaye zanen.

Jatau ya dubi abin da ke ciki. Duk da halin da muke ciki sai da ya ce, "Iya, dutse? Kin zo ƙasar da ba komai sai dutse, kin kawo mana dutse?"

"Ina zan jefa?"

"Hagu! Wajen ramin da ke gefen hanya! Kada ki jefa kan layi!"

Na ɗaga dutsen mahaifiyata, wanda da safe sai da na yi nishi kafin in motsa shi, na wurga kamar faifai. Ban ji faɗuwarsa ba. Kanwa ɗaya, biyu, har biyar. Gero. Ina juyowa na ga Tanko ya tura hannu tsakanin dilolin auduga ya jawo buhun albasa biyu da aka ce ya bari.

Na ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Gwaggo, ba lokacin wannan ba ne."

Ya jefa biyun. Tsoro bai bar shi ya tsaya ba, ya kama na halal ɗin ma, ɗaya, biyu, uku, huɗu, Jatau yana ihu ya isa, ya isa, bai ji ba. Nan take katakon da ya ƙi kamawa ya kama gaba ɗaya. Amalanken ya tsaya cak, na daki dila da fuska, leɓena ya fashe. Na ɗaga kai ina duban sama. Can nesa, kusa da rawanin, ɗaya amalanken shi ma ya tsaya, kuma na ga wani abu shuɗi ya fito daga cikinsa ya yi ƙasa ta wajen ramin, yana juyawa. Nisan ya hana in gane mene ne.

Ban sami damar kuka ba, don amalankenmu ya fara motsi, amma da baya. Mun fi na sama sauƙi yanzu, su ne ke jan mu. Jatau ya kwanta a kan birkin da ya riga ya ƙone rabi, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

Garin yana nan ƙasa, ina ganin mutane a bakin hanya, ina ganin har kaji. Na ɗaga ƙafa zan dira in gangara ko da da gindi ne.

Jatau ya ce, "Iya, in kika sauka kin kashe su. Nauyinki ne ya rage mana. Katakon nan ba zai kai minti goma ba, in ya tafi, su za su dawo ƙasa da baya, mu mu tafi sama."

Tanko ya ce a ɗebi duwatsu. Babu ko tsakuwa, hanyar a share take. Ya ce to a yi tsalle-tsalle a ciki ko nauyi zai ƙaru. Jatau ya zage shi da abin da ba zan rubuta ba.

Ni kuwa idona ya sauka a kan magudanar nan, ruwa yana gudu kusa da hannuna, sannan a kan dilolin gwado. Duk macen da ta taɓa ɗauko wanki daga rafi ta san da wane wuya ta tafi da wane ta dawo. Na kwance ƙoruna, na miƙa wa Tanko ɗaya.

"Yanka igiyar dilolin nan. Ɗebo ruwa ka zuba."

"Kayan mutane ne fa, Gwaggo."

"Yau ka san kayan mutane? Zuba!"

Muka cika tukunyar ƙarfe har baki. Muka shiga jiƙa gwado, ni ina ɗebowa ina zubawa, shi yana takawa da ƙafa don ya sha. Auduga tana shan ruwa kamar ba za ta ƙoshi ba. Na jiƙa zannuwan da na kawo wa Lantana, na jiƙa na jikina. Amalanken ya daina ja da baya. Muka ci gaba. Jatau yana sauraron sarƙa da kunne kamar mai jin maganar mara lafiya, can ya ce, "Ƙwarya uku kuma. Biyu. Tsaya." Ya ɗaga ƙirjinsa kaɗan daga katakon, muka fara sauka a hankali, ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashinmu, ni ina ƙara ƙwarya ɗaya duk sanda ya ɗaga yatsa.

A ƙasa masu tsaron sarƙa suna jiran mu da sanduna, sun ga komai. Shugabansu ya ce a tafi da mu biyun. Na durƙusa na ce ya yi mini duk abin da dokarsu ta ce, amma ba yanzu ba, 'yata tana naƙuda.

Jatau ya ce, "A bar ta ta je. Gabanta teku, bayanta dutse, ina za ta gudu? Wannan mai albasar dai ku riƙe shi."

Na tambayi shugaban ko an san abin da ya faɗo daga na sama. Ya ce ba za a sani ba sai an duba sarƙa an sake saukowa.

Wata mata mai tallan kifi ta kai ni gidan. Na shiga jiƙe sharkaf, leɓe a kumbure, hannu babu komai, ko tukunyar ban tsaya ɗauka ba. Mahaifiyar Haladu, Iya Tabawa, ta tare ni a tsakar gida, ba ta tambaye ni komai ba, ta zuba mini ruwa na wanke hannu ta ɗaga mini labule.

Lantana tana durƙushe, ungozoma a bayanta. Ta rame a fuska, gumi ya jiƙa mata kitso. Ta ɗago ta gan ni, ta ce "Inna" sau ɗaya, ta saƙalo wuyana da hannu biyu. Na zauna a gabanta na tokare.

Da ciwon ya lafa ta ce, "Ina Haladu? Ɗazu aka ce an ga wata mata 'yar Tudun Faru a kan dutse da kaya kamar na amarya, ya ce ke ce, ya tafi ya taho da ke. Ba ku haɗu ba?"

Na ce, "Mun haɗu a hanya. Yana tafe."

Iya Tabawa tana bakin ƙofa tana jin mu. Ban iya duban ta ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san an kira la'asar, na san wuyana ya mutu, na san duk addu'ar da na iya na karanta, rabi don wadda ke riƙe da ni, rabi don mai shuɗiyar riga. Bayan la'asar da kaɗan ta yi wani nishi mai tsawo, ungozoma ta ce alhamdulillahi, mace ce. Jaririyar ta yi kuka tun kafin a taɓa ta. Matan da ke waje suka fara guɗa. Ni ban motsa ba, ban saki Lantana ba, idona a ƙasa. Ungozoma ta dube ni, ina jin ta gane. Ta shafa cikin a hankali, ta ce wa Lantana ta yi tari. Mabiyiya ta faɗo, cikakkiya. Sai a lokacin na ji ƙafafuna, na koma gefe na zauna na yi kukan da na shekara tara ina riƙe da shi.

Suka dafa ruwa a tukunyarsu ta ƙasa da wani ganye mai ƙamshi da ban sani ba, suka kawo mata romon kifi mai zafi da yaji. Ta shanye kwano biyu.

Rana ta kusa faɗawa bayan dutsen muka ji sallama a zaure. Muryar Haladu ce. Ya shigo tsakar gida babu riga, an ɗaure masa hannun dama a wuya da tsumma, goshinsa a fashe. Rigar ce ta tafi: ya cire ta ya naɗe a hannu don ya taya mai birkinsu riƙe katako, da aka tsaya cak ya daki gaban amalanken, hannun ya karye, rigar ta fice. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ake gaida suruka, ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Aka miƙo masa jaririyar, ya karɓa da hagu, ya yi mata kiran salla a kunne.

Lantana ta leƙo daga kan gado. "Me ya sami hannunka?"

Ya dubi ƙasa. "Sarƙa ce ta yi gardama. Wasu baƙi ne suka ƙara kaya bayan awo."

Iya Tabawa ta ce, "Allah ya isa. Wane marar imani ne wannan?"

Ya ce, "Ba a san su ba, Iya. Fatake ne."

Da na yi shiru da maganar ta wuce a ranar. Na ce, "Ni ce."

Na faɗi komai, sawu bakwai ɗin, da shirun da na yi sanda Jatau ya tambaya. Iya Tabawa ta tashi ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Lantana ta dube ni. Sannan ta ce, "Tun da ya ce an ƙara kaya na san ke ce, Inna." Ta juya fuska bango. Can kuma, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Zo ki gyara mini matashin nan, bayana yana ciwo."

Na je na gyara.

Hukuncin da masu sarƙa suka yanke mini shi ne ba zan ƙara hawa amalankensu ba har abada, ni da Tanko. Akwai matakala ta ƙafa a gefen dutsen, yini biyu ake yi ana hawa, ita na bi da zan koma. Amma ban koma da arba'in ba. Haladu bai iya riƙe filafilin tuƙa jirgi ba har kakar kifi ta wuce, don haka na zauna wata biyar ina ɗinkin komar su da shanyar kifi tare da Iya Tabawa, wadda sai a wata na biyu ta fara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Yarinyar tana nan, sunanta Hansatu, bara da suka aiko saƙo an ce ta fara gudu. Lantana ta sake haihuwa, namiji, lafiya lau, ban je ba. Hannun Haladu ya warke, sai dai bai miƙe duka ba. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko sau ɗaya. Amma a watannin da na yi a gidan, duk sanda ya sunkuya zai ɗauki 'yarsa, sai ya fara miƙa daman, ya tsaya, ya sauya zuwa hagu. Ni kuma sai in sami abin da zan duba a cikin murhu.

Iyakar abin da na gani ke nan a Dutsen Mai Rawani da gangarensa. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na karkace kun ji da bakina. Allah ya sauki kowace mai ciki lafiya, ya kai kowane matafiyi inda ake jiransa.